Mun kai ledar magungunan Mama an duba mana, ga yadda ta kaya

Gaskiya da farko ban ɗauki abin da muhimmanci ba, yayata ce ta matsa wai mu kwashe duk magungunan Mama mu kai wa ma'aikaciyar famasi ta sashen ƙoda ta duba su ɗaya bayan ɗaya. Mama ta daɗe da ciwon suga, yanzu ya taɓa ƙoda, kuma 'yan watannin nan ta rame, tafiya sai a hankali, ko murfin gorar ruwa ba ta iya buɗewa, mu duk mun ɗauka tsufa ne kawai.

Na zazzage ledar a kan tebur, kala tara. Matar ta duba takardar gwaji ta ga eGFR, wato ma'aunin ƙarfin aikin ƙoda, ya sauka zuwa 27, nan take ta ware maganin suga metformin gefe, ta ce idan ya yi ƙasa da 30 ba a shan sa. Sai ta ɗaga glibenclamide, shi ma na suga ne, ta ce, "Mama, kina farkawa da gumi da rawar jiki?" Mama ta ce kusan kullum da asuba. Wallahi jikina ya yi sanyi don ni nake ba ta shi da hannuna. Ashe ƙodar da ta yi rauni ba ta fitar da shi da wuri, sai ya taru ya ja suga ƙasa da 70, kuma ga dukkan alamu shi ya kayar da ita a banɗaki kwanaki, muna ta cewa santsi ne. Diclofenac ɗin da nake saya mata saboda gwiwa ma ta ce yana ƙara lalata ƙoda, gabapentin kuma, maganin ciwon jijiya, ya yi mata yawa shi ya sa take wuni tana gyangyaɗi. Ba ta yi mini faɗa ba ko kaɗan, kuma ba ta tsayar da komai da kanta ba, rubutu ta yi wa likita shi ya canza, muka dawo kala shida.

A ranar har addu'a na yi mata. Amma fa sun ce za su kira bayan sati biyu su ji yadda suga yake tunda an sauya magani, yau sati biyar shiru, ni na yi ta kira ba a ɗauka, ga sugan Mama ya ɗan hau ban san ko haka ake tsammani ba, sai da muka sake komawa muka bi layi. Takardar da suka ba mu ma rubutun ƙanana ne, tsohuwa mai ciwon suga da idonta ya raunana ta yaya za ta karanta? Kuma abin da ya fi ci mini rai, wata nawa ana sabunta mata waɗannan magungunan ga gwajin ƙodar a cikin fayil ɗinta babu wanda ya haɗa su.

Zan sake zuwa saboda matar nan, amma wannan karon ba zan tashi ba sai an rubuta mini ranar dawowa. Jiya dai Mama ta taka har bakin ƙofa ba ta dafa bango ba.