Canjin gefen baya na Peugeot 504: aikin wani gareji a Ƙofar Ƙaura

Motar 504 ce ƙaramar salun, haɗin kamfanin PAN na Kaduna wanda ya fara aiki a 1975. An buge ta a gefen baya na dama, daga bakin ƙofa har wajen fitila, tsatsa kuma ta riga ta cinye kan taya. Fanalbita da yawa za su bubbuge wurin ne su lafta fila, wato ƙullin da ake cike lotsawa da shi, su shafe. Wannan gareji na Ƙofar Ƙaura a Katsina ya ce sai an yanke an sa wani ƙarfen, kuma gaskiyarsa.

Gefen baya ba kamar na gaba ba ne da ake kwance noti a cire. Haɗe yake da jikin motar da ɗigon walda, tun daga bakin ƙofa, kan taya, bakin but har gindin gilashin baya. Sabo ya yi wuya yanzu, don haka daga jikin mataciyar 504 aka yanko shi, irin waɗanda ake samu a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano. Mai saye ya kula: na doguwar wagon ba ya shiga salun.

Kafin a kunna wuta sai da suka cire kan batir, bamba, fitila da kujerar baya, suka sauke tankin mai. Ɗigon waldar kuma da dirila mai bakin milimita 8 suka huda su ɗaya bayan ɗaya. Masu gaggawa da kurfi da guduma suke ɓamɓarewa, su yage ƙarfen ciki, shi ke nan sabon ya rasa inda zai zauna.

Inda aikin ya fi burgewa shi ne gwaji. Sun ɗora fanal ɗin sun maƙale da filaya, suka rufe ƙofa da but suka duba tazara, milimita 4 zuwa 5 daga sama har ƙasa. Sau uku aka sauke ana ragewa da giranda. Layin nan da ya taso daga ƙofa ya wuce zuwa fitila ya miƙe sar, ko da hannu aka shafa ba a jin tudu.

Waldar kabaid suke yi, nan kuma akwai magana. Kaurin ƙarfen bai kai milimita 1 ba, zafi ya yi yawa sai ya lanƙwashe. Sun yi ta ɗigo-ɗigo, a ɗiga nan a tsallaka can, a bari ya huce. Duk da haka kusa da gilashi ya ɗan lotsa, aka cike da fila. Bai wuce milimita 3 ba, maganaɗisu yana kamawa a wurin, alamar filar ba ta yi kauri ba, wannan ba laifi.

Abu biyu ne suka rage musu maki. Bayan waldar ta cikin but a tsirara aka bar shi, ba firaima (shafen farko kafin fenti) ba maganin tsatsa, alhali nan ruwan damina yake kwanciya. Ya kamata mai mota ya nace a shafa, a kuma toshe haɗin kan taya kafin a mayar da kafet. Fenti kuma a fili suke fesawa ƙarƙashin rumfa. Da hunturu ƙura na sauka a kan ɗanyen fenti ya yi kaushi-kaushi, don haka gara a karɓi motar da firaima a kai wa mai ɗakin fenti rufaffe, a tafi da murfin tankin mai domin a haɗa kala daidai da wadda rana ta riga ta dusashe.