Lauyan gwamnati ga masu jiran kisa a Amurka, biyu cikin biyar na ba shi

Na daɗe ina bibiyar tsarin nan na lauyan da kotu ke naɗa wa talakan da aka yanke wa hukuncin kisa a Amurka, kuma wallahi in maki za a ce in ba shi, biyu cikin biyar ne, biyun ma albarkacin ɓangaren tarayya.

A takarda abin gwanin sha'awa. Tun 1963 kotun ƙoli ta ce dole a ba marar hali lauya, haka ma a ɗaukaka ƙarar farko. In magana ta kai kotun tarayya kuma gwamnati na biyan lauya har da masu bincike, kuma akwai ofisoshin da ba su da wani aiki sai wannan, sun san kan abin sosai, nan kam na yaba.

Matsalar a tsakiya take. A 1989 kotun ƙolin dai ta ce ba dole ba ne jiha ta ba fursuna lauya a matakin da ke bayan ɗaukaka ƙarar farko, alhali nan ne ake kawo sabuwar hujja, nan ne ake cewa lauyan farko bai yi aikinsa ba, to mutumin da ke kulle a ɗaki shi kaɗai ta ina zai fita neman shaidu? Ga dokar 1996 da ta ba shi shekara ɗaya kacal ya shigar da ƙara a kotun tarayya.

Ku duba Cory Maples a Alabama. Lauyoyin sa kai biyu daga New York suka ɗauki shari'arsa, suka bar kamfaninsu ba su gaya masa ko kotu ba. Kotu ta aika musu hukunci, wasiƙun suka dawo ko buɗewa ba a yi ba, kwana 42 na ɗaukaka ƙara ya wuce bawan Allah bai sani ba. Sai 2012 kotun ƙoli ta ce ba laifinsa ba ne.

Na Anthony Ray Hinton, shi ma wanda aka yanke wa hukuncin kisa a Alabama, ya fi tsaya min a rai. Lauyansa ya ɗauka dala 1,000 kaɗai aka yarda ya kashe a kan masanin bindiga, sai ya ɗauko wani mai ido ɗaya wanda na'urar duba harsashi ma ta ba shi wahala, masu gabatar da ƙara suka yi kaca-kaca da shi a gaban kotu. Kusan shekara 30 Hinton ya yi yana jiran ranarsa, sai 2015 ya fito, shi ma ƙungiyar lauyan kare haƙƙin ɗan Adam Bryan Stevenson ce ta tsaya masa.

Na san masu cewa don me za a kashe kuɗin haraji a kan mai kisa, kuma ina jin zafin iyalan da aka kashe wa nasu. Amma da kuɗin harajin nan ake biyan masu gabatar da ƙara, da shi aka ciyar da Hinton kusan shekara 30 a kurkuku kan kisan da bai yi ba. Jihar da ta ce za ta ɗauki ran mutum, to ta biya lauyan da zai karanta fayil ɗinsa tun daga shafin farko.