Rage jan ruwa ko katangar rijiyoyi: wanne ke tare gishirin teku?

A gaɓar teku, ruwan daɗi na ƙarƙashin ƙasa yana kwance ne a kan ruwan gishiri, domin bai kai shi nauyi ba. Bisa ƙa'idar Ghyben-Herzberg, duk mita 1 ta ruwan daɗi da ta ɗara matakin teku tana da kimanin mita 40 a ƙarƙashi. In famfo ya saukar da ruwan da mita 1, gishiri na iya tasowa mita 40 ya doshi gindin rijiya. Kashi 2 cikin 100 na ruwan teku kuwa ya isa ya ɓata ruwan sha.

Hanya ta farko ta tare gishirin ita ce rage jan ruwa: a raba shi kan rijiyoyi marasa zurfi da ke nesa da gaɓa, a riƙa auna gishirinsu akai-akai. Ta fi arha, sai dai gishirin da ya riga ya shiga kan ɗauki shekaru kafin ya wanke, kuma in wani ya rage maƙwabcinsa ya ƙara, an yi aikin banza.

Ta biyu ita ce katangar rijiyoyi: a jera rijiyoyi a bakin gaɓa ana ɗura musu tataccen ruwa, matsinsa ya tokare na teku. Yankin Orange a jihar Kalifoniya ta Amurka na yin haka tun shekarun 1970. Da wannan hanya ba sai an daina jan ruwa ba, amma akwai tsada. Laka, kumfar iska da ƙwayoyin bakteriya na toshe rijiyoyin, dole a riƙa wanke su, kuma da zarar ɗurin ya tsaya matsin zai fara sauka.

Inda gishirin bai yi nisa ba, ta farko ta wadatar.