Matakala ko gangaren katako: wanne ya fi dacewa da tsohon kare mai amosanin gaɓɓai?

Wani ɗan'uwanmu ya yi tambaya, ya ce karen gadinsa, Alsashiyan mai shekara 10, ya fara ɗingishi da ƙafafun baya, har ya daina iya hawa barandar da ya saba kwana a kai, wadda tsayinta ya kai santimita 40, kuma yana son sanin ko matakala zai sa kafinta ya yi masa ko gangaren katako. Ga babban kare irin wannan, ni gangare zan zaɓa, amma sai an cika wasu sharuɗɗa, in ba haka ba matakala mai kyau ta fi gangaren da aka yi da ganganci.

Dalilin yana cikin yadda jikin kare yake ɗaukar nauyi. Kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa yana kan ƙafafun gaba, amma idan zai hau matakala, ƙugu da gwiwoyin baya ne suke tunkuɗa jikin gaba ɗaya zuwa sama a kowane taki, kuma nan ne amosanin ya fi kama Alsashiyan, domin jinsi ne da ya yi suna wajen matsalar ƙugu. Wajen sauka kuwa, nauyin yakan faɗa kan kafaɗu da gwiwoyin gaba. Gangare yana raba wannan aiki zuwa ƙananan taku masu yawa, ta yadda babu gaɓar da za ta lanƙwashe sosai ko ta ɗauki nauyin a lokaci guda.

Sharaɗi na farko shi ne kada gangaren ya yi tsaye da yawa. Ƙa'ida mai sauƙi ita ce tsawon katakon ya ninka tsayin wurin sau uku, wanda yake ba da karkata ta kusan digiri 20. Barandar santimita 40 tana buƙatar katako mai tsawon santimita 120, kuma idan tsakar gidan tana da fili, a kai shi 150 ya fi. Faɗinsa kada ya gaza santimita 45 zuwa 50, a kuma kafa ɗan siririn katako a gefe da gefe domin ƙafar baya, wadda takan karkace idan ƙugu ya yi rauni, kada ta zame waje. A yi amfani da filawud mai kaurin milimita 18, a tokare shi daga ƙasa da katakon tu-bai-fo guda biyu, domin kare da ya ji katako yana lanƙwasawa ƙarƙashinsa sau ɗaya da wuya ya sake yarda ya taka shi.

Sharaɗi na biyu shi ne kada gangaren ya yi santsi, kuma a nan ne kafintoci suka fi kuskure, saboda sun saba goge katako su shafa masa fenti ya yi sheƙi. Farcen kare ba ya riƙe filawud mai santsi. A lulluɓe saman da tsohon kafet ko tabarmar roba, a manne ta da gam sannan a buga ƙananan ƙusoshi a gefe inda tafin ƙafa ba ya takawa, ko kuma a jera siraran katako a gicciye, tazarar santimita 10 zuwa 15. Ƙasan ma a sa masa guntun tsohuwar tayar mota, musamman idan a kan tayil zai zauna, kuma a ɗaga shi daga danshi saboda gara.

Matakala tana da nata amfanin. Ba ta cin fili, ba ta cin katako da yawa, kuma kare da ya saba da ita tun yana ƙarami ba ya buƙatar koyarwa. Ta dace da ƙaramin kare ko wanda ciwonsa bai yi nisa ba. Idan ita kaɗai wurin zai ɗauka, a yi taki uku masu tsayin santimita 13 ko kusa da haka, kowanne da zurfin da bai gaza santimita 30 ba, a toshe bayan kowane taki domin ƙafa kada ta zurma.

Kare da yawa sukan ƙi gangare a ranar farko. A shimfiɗa katakon a ƙasa tukuna, a jera ɗan nama a kansa har ya saba tafiya a kai, sannan a ɗaga gefe ɗaya da bulo, a ƙara tsayin a hankali cikin 'yan kwanaki, ba tare da an ja shi da sarƙa ba.

Katako ba ya maganin zafin ciwo, musamman da hunturu lokacin da gaɓɓai suke ƙara sandarewa da safe. A kai karen asibitin dabbobi a duba ƙugun, a rage masa ƙiba idan yana da ita, a yanke masa farce, kuma kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac na mutane, domin suna iya ɓula masa ciki su lalata ƙoda. Likitan dabbobi yana da magungunan ciwo irin su meloxicam da carprofen, waɗanda ake aunawa gwargwadon nauyin karen.