Kayan jet na Dynojet a Honda Shadow 750: wata takwas ina hawa

Mashin ɗina Honda Shadow ACE 750 ne na 2002, ɗan Kwatano, inji cc 745 mai silinda biyu da ruwa ke sanyaya shi, giya biyar, kafireta biyu. Da ma ba mashin gudu ba ne, ƙarfinsa bai wuce doki arba'in da 'yan kai ba, an yi shi ne ka zauna kamar kana kan kujerar falo ka miƙe ƙafa. Amma kun san halin ɗan Adam, wata biyu da saye na fara jin kamar yana min nauyi in zan wuce tirela a hanyar Zariya.

To abin da kowa ke fara yi shi na yi, na canza salansa. Na samo wata buɗaɗɗiya wani bakanike ya ɗaura min, na tambaye shi ba sai an taɓa kafireta ba? ya ce haba Alhaji ai wannan inji da kansa zai saba. Wallahi bai saba ba. Ƙara dai ta samu, yaran layinmu har fitowa suke in na tayar, amma in na saki totur sai tas tas tas kamar ana wasan wuta daren biki, da safe sai na bar cok a ja kusan minti biyar, kuma a tsakiyar giya uku in na murɗa sai ya ɗan yi shiru kamar yana tunani kafin ya ja. Da na kwance fulogi (guda huɗu ne, kowace silinda biyu) bakinsu fari fat kamar an shafa alli. Iska ta yi yawa mai ya yi kaɗan kenan, kuma haka inji ke ɗaukar zafi har ya ci bawul.

Nan ne na sa aka taho min da kayan jet na kamfanin Dynojet daga Amurka, wato 'yan ƙananan kayan cikin kafireta masu auna yawan man da ke shiga inji. Ɗan ƙaramin akwati ne, in ka buɗe sai ka ji kamar an cuce ka da canjin dalar nan: allurai biyu masu tsaga-tsaga a sama, 'yan jet na tagulla masu lamba daban-daban, 'yan kilif ƙanana da takardar bayani. Amma takardar nan ita ce rabin kuɗin, don ta faɗa maka wane jet za ka sa in salansar kamfani ce, wane in buɗaɗɗiya ce, da tsagar da za ka maƙala kilif a jikin allura. Wani dattijon bakanike mai haƙuri na samu wannan karon, muka shimfiɗa farin buhu a ƙasa saboda kilif ɗin in ya faɗi cikin yashi sai dai a yi masa addu'a, muka yini a kai, sau biyu muna sauke kafireta don karon farko mai ya yi yawa har hayaƙin na yaji a ido. Ya kuma daidaita kafiretocin biyu su riƙa buɗewa tare, abin da ban ma san ana yi ba.

Bambancin? Kar wani ya ce maka zai koma mashin tsere, ƙarya ne. Gudun ƙarshe kusan yana nan inda yake. Abin da ya canza shi ne yadda yake amsawa, daga kilomita 60 zuwa 100 a awa yanzu sumul yake ja babu wannan shirun, tas tas ɗin ya ragu sosai sai jefi-jefi, fulogi ya koma ruwan shayi da madara. Mai kuwa ya ƙaru a sha kaɗan, ina komawa rizab da wuri fiye da da, wannan kam dole ka sani kafin ka fara.

Matatar iska na bar ta kamfani da gangan. Abokai sun dame ni in sa irin ta auduga mai shan mai da ake wankewa, ta fi barin iska ta wuce gaskiya ne, amma ni da nake hawa cikin ƙurar hunturu daga Disamba har Fabrairu na fi son takarda ta tare min ƙura ko da zan rasa doki ɗaya.

Sai farantin sarƙa na baya da na mayar ƙarami mai haƙori 38, injin ya daina kuka a kan 110, sai dai tashi daga danja ya ɗan yi sanyi musamman in na goyo mutum. Shi ina nan ina tunanin ko in mayar da tsohon, tunda yawancin hawana cikin gari ne.