RAC a kan Oracle Linux ko a kan Rocky? Ga abin da na gani da idona

Malam, ka tambaya ko a kan Oracle Linux ko a kan Rocky Linux za ka girka RAC, wato tsarin Oracle da ke haɗa saba biyu ko fiye su riƙe database ɗaya; ka ɗora Oracle Linux kawai ka huta. Ni duka biyun na taɓa su, Rocky ɗin da kake tunanin ɗora wa RAC 19c ɗinka da kuma Oracle Linux, kuma wallahi ba ɗaya ba ne in aiki ya zo da gaske.

Saba (server) biyu muke da su a wajen aiki, Oracle Linux 8 ne a kai. Tun daga girkawa za ka ji daɗi, fakitin nan oracle-database-preinstall-19c shi zai buɗe maka yuza na oracle ya saita maka kenel (zuciyar Linux) da duk iyakokin da da sai ka zauna kana rubutawa ɗaya bayan ɗaya, sai Grid, manhajar Oracle da ke haɗa sabobin, ya hau ba gardama. Akwai wani dare ƙarshen wata ana tsaka da lissafin albashi fawa saflai na saba ɗaya ya ƙone, har ɗakin ya ɗauki ƙaurin roba, ina gida aka kira ni na taho a kan babur gabana na faɗuwa, ko da na iso ɗayar ta riƙe aikin gaba ɗaya, 'yan akawu ba su ma san an yi ba. Washegari da sabar da ta mutu ta dawo ta ƙi shiga kulasta (haɗakar sabobin), na buɗe SR, wato takardar neman taimako, a My Oracle Support, shafin tallafin Oracle, na tura log, ba wanda ya tsaya tambayata me ya sa na ɗora a kan wannan tsarin, kai tsaye aka shiga gyara. Kuma fa Oracle Linux kyauta ake sauke shi, abdet ɗinsa ma kyauta, sai in kana son tallafin Oracle za ka biya.

Rocky kuwa, e yana hawa, tunda daga Red Hat aka ciro shi. Amma ba ya cikin jerin da Oracle ta amince da su, Oracle Linux da Red Hat da SUSE su ne manyan. Sai da muka yaudari insitola da CV_ASSUME_DISTID, saitin da ke sa ta ɗauka wani Linux ne daban, kafin ta wuce. Wata rana muka yi abdet na kenel ACFS, tsarin ajiye fayil na Oracle da sabobin ke rabawa, ya ƙi tashi, kwana biyu muna fama mu kaɗai don ba mu da bakin kai ƙara, kuma laifinmu ne mu da muka zaɓa. Don koyo a laptop ba laifi. Ubuntu kam kada ma ka fara.

Sai abin da ba ka tambaya ba. Ka yi hattara da 'yan kwangilar nan da za su ce maka "ai duk Linux ɗaya ne oga", su girka su karɓi kuɗinsu su kashe waya. Wasu CentOS 7 suke ɗorawa har yanzu, alhali tun 30 ga Yunin 2024 aka daina yi masa abdet. Wasu kuma su ce sun haɗa maka da lasisi mai araha na Standard Edition 2, to daga 19c an cire RAC daga cikinsa, Enterprise Edition kake buƙata kuma RAC ɗin kuɗinsa daban. Ka ce su ba ka lambar CSI, wato lambar shaidar tallafi da Oracle ke ba mai lasisi, da sunan kamfaninku, ka shiga My Oracle Support da ita da hannunka kafin ka sa hannu a takardar biya.