Kwamantarin Peter Drury a eFootball: a sauke ko a bar data ta huta?

Masu buga eFootball a waya da yawa ba sa damuwa da sauke kwamantari, wai ɓarnar data ce, wasu ma a kashe suke barin sautin gaba ɗaya suna buga abinsu shiru kamar masu lissafi. Ni dai ra'ayina a sauke, amma kar mutum ya shiga da tunanin Drury ɗin da ya sani a talabijin zai samu, don ba shi ba ne, muryarsa ce kawai.

Ga wanda bai san mutumin ba, Bature ne ɗan Ingila, an haife shi a 1967, ya karanta siyasa a jami'ar Hull har ya ɗan taɓa aikin akanta kafin ya watsar ya bi ƙwallo. A 1990 ya shiga BBC Radio Leeds, ka ga ya dace da lokaci tunda a 1992 Leeds ta ɗauki lig, daga nan sai Radio 5 Live, a 1998 kuma ITV ta ɗauke shi ya zauna har 2013. Kuma ni a ganina rediyon nan ita ta gina shi, wanda ya saba yi wa makaho bayanin fili dole bakinsa ya iya zana abu, shi ya sa ko da ya koma talabijin bai tsaya a kiran sunan wanda ya ba da fasin da wanda ya karɓa ba. Mu nan yawancinmu a gidan kallo muka san shi lokacin da yake yin sharhin Firimiya da ake watsawa duniya, wanda SuperSport take kawo mana, shi da Jim Beglin ɗan Ireland, tsohon mai tsaron bayan Liverpool. A 2022 ya koma NBC ta Amurka, a 2023 kuma Sky ta ba shi kujerar babban mai sharhinta Martin Tyler.

Su biyun nan ne dai a gem ɗin, tun PES 2016 (PES shi ne tsohon sunan gem ɗin) da Drury ya gaji mai sharhi Jon Champion, kuma da Konami, kamfanin da ke yin gem ɗin, ta canza suna zuwa eFootball a 2021 ta mai da shi kyauta ba ta sauya su ba.

Abin da ya yi kyau tukuna. Sautin a wanke yake, in ka sa iyafis za ka ji muryar ta zauna a kan hayaniyar 'yan kallo daidai, ba ta danne ta ba kuma ba ta ɓace a ciki ba. In ka zura ƙwallo da babban ɗan wasa ya ja sunan nan da ƙarfi, wallahi sai ka ji tsikar jikinka ta tashi ko da abokinka kake bugawa da shi a bakin shago, shi kuwa wanda aka ci sai haushinsa ya ninka don kamar har Baturen ma dariya yake masa. Beglin kuma yana kawo sanyi, in Drury ya ɗaga sai shi ya sauke da 'yar magana a kan yadda baya ta buɗe.

To amma fa in ka yi 'yan kwanaki kana bugawa sai ka fara haddace maganganun, ana bugun kwana ka riga ka san abin da zai faɗa, gola ya kama ƙwallo mai sauƙi a yabe shi kamar ya ture fenareti a minti na 90, ƙananan 'yan wasa kuma da dama ba a kiran sunansu sam, kuma wannan ya fi damuna in na haɗa tim da yaran Afirka. Ban ga laifin Drury a nan ba, an sa shi a ɗaki ne ya karanta layuka aka naɗa, kwamfuta ce take zaɓo wanda take ganin ya dace.

Matsalar ita ce abin da ya sa muke son mutumin nan ba ya naɗuwa a gaba. Tuna 11 ga Yunin 2010, wasan buɗe gasar cin kofin duniya a Johannesburg, Tshabalala ya ɗirka wa Meziko ƙwallon nan da ƙafar hagu, Drury ya ce ƙwallon Bafana Bafana ce, ta Afirka ta Kudu ce, ta Afirka ce baki ɗaya, har yau in na ji wurin nan sai na ji wani abu a ƙirjina duk da wasan 1-1 aka tashi. Ko Afrilun 2018 da Roma ta sha 4-1 a gidan Barcelona ta dawo ta rama 3-0, Manolas, ɗan wasan Roma ɗan ƙasar Girka, ya sa kai a minti na 82, Drury ya ce Roma ta tashi daga kangonta, ya haɗa asalin Manolas na Girka da tarihin birnin Rum a numfashi ɗaya. Wannan sai wanda ya san garin, ya san ɗan wasan, ya san abin da daren yake nufi ga mutanen da ke filin. Gem bai san cewa kai da wanda kake bugawa da shi kun shekara kuna gaba a kan waye gwani ba, ƙwallonka ta ramuwa da ta wasan gwaji duk ihu ɗaya zai musu.

Na san akwai masu cewa ko a talabijin ma ya cika waƙa, wai yana shirya kalaman tun daga gida. To ko ya shirya ai sanin lokacin da za a sake su shi ne aikin, kuma shi ne ainihin abin da babu a gem ɗin.

In wayarka tana da wuri ka sauke, ka jira datar dare ko wayifai don kar ya cinye maka ta wata. In ka fara gajiya da maimaicin ka shiga saiti ka rage muryar kwamantari ka bar ta 'yan kallo a sama, ni haka nake yi yanzu, sai ranar da za mu yi gasa a majalisa nake mayar da ita ƙarshe.